Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Mai Wa'azi a Nima

Ɗana Istifanus,

Gaisuwa mai yawa daga Asawase, nan Kumasi. Muna nan lafiya, sai ƙafar mamarka da ke tashi in an yi ruwa.

Ƙanwarka ta nuna mana bidiyon wa'azinka na addu'ar kwana ranar Juma'a. Mamarka har da hawaye. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. A cocin da na tashi, mai wa'azi kansa a sunkuye yake karanta takarda kamar mai sanarwar rasuwa, rabin jama'a na gyangyaɗi. Ba na maka fatan haka.

Amma na sake saurara, Littafi Mai Tsarki a cinyata. Ka karanta Irmiya 29:11, inda Allah ya ce yana da shirin alheri domin mutanensa, ka rufe littafin, ka shiga yi wa samari alkawarin biza kafin Kirsimeti. Jama'a suka ɗauki ihu, mai ganga ya ƙara wuta. Ɗana, ka ko leƙa aya ta 10? Wasiƙa ce Irmiya ya aika wa waɗanda aka kwashe bauta zuwa Babila, ya ce sai sun cika shekara 70 kafin su ga gida. A aya ta 5 ma cewa ya yi su gina gidaje, su dasa lambuna, su zauna. Annabi ya ce "ku zauna", kai ka ce "ku tashi". Yaron da ya jefa sidinsa na ƙarshe a baiko saboda maganarka, in Janairu ta same shi yana dako a kasuwar Nima, da wa zai yi fushi? Da Allah, ba da kai ba. Wannan ne ya hana ni barci.

Ka tuna Afolos, mai wa'azin nan na birnin Afisa a littafin Ayyukan Manzanni. Ga baki, ga himma, amma baftismar Yahaya kaɗai ya sani. Bilkisu da Akila ba su kunyata shi a gaban jama'a ba, gefe suka ja shi suka ƙara masa haske, shi kuma ya ji.

Makarantar tauhidi ta Trinity nan Kumasi aka kafa ta a 1942, yanzu tana Legon, kusa da kai. Je ka tambayi yadda ake shiga. Na riga na yi magana da kawunka kan kuɗi. Kafin nan, duk ayar da za ka yi wa'azi a kanta, karanta surar tun daga farko, sau uku.

Mamarka ta ba direba yaji da daddawa. In sun iso ka kira ta.

Babanka