Baƙin Man Mota Ba Na Babur Ba Ne

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu babura kan abubuwa biyu da mutum zai iya kula da su da hannunsa a gida, wato baƙin mai da iskar taya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya same ni bara. Na yi juye da wani mai da aka yaba mini, kuma lallai mai kyau ne, sai dai na mota ne. Ba a jima ba na lura cewa idan na murɗa totur a kan hawa, inji yana ƙara ruri amma babur ba ya ƙara gudu, har sai da bakanike ya buɗe ya nuna mini fayafayan kuloci sun yi sulɓi. Dalili kuwa shi ne, a yawancin babura masu giya, mai ɗaya ne yake shayar da inji da giya da kuloci, alhali man mota na zamani ana yawan sa masa sinadaran ƙara santsi domin a rage shan fetur, shi kuwa kuloci sai da gogayya yake kamawa. Saboda wannan matsala ce aka fito da ma'aunin JASO na man babur a Japan a 1998. Duk wanda babur ɗinsa ke da kulocin da ke jiƙe a cikin mai, ya duba bayan gora ya tabbatar an rubuta alamar wannan ma'auni, wato MA ko MA2. Alamar MB ta ƙananan babura ce masu canza giya da kansu.

Haka nan lambobin nan irin su 10W-40 da 20W-50 ba ado ba ne. Ta farko tana nuna yadda man ke gudana yayin da inji yake da sanyi, ta biyu kuma kaurinsa bayan ya ɗauki zafi. Mutane da yawa sun ɗauka cewa mai kauri shi ne mai ƙarfi, amma idan kaurin ya wuce kima, man yana jinkirin isa saman inji da safe, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe kafin ya iso. Abin da littafin babur ya faɗa shi ne abin bi. Idan za a duba yawan man kuwa, a tsayar da babur cak a wuri marar gangara, ba a jingine ba, kuma kada a cika shi ya haura alama.

Maganar taya ta fi ba ni takaici, domin har yanzu da ɗan yatsa muke latsawa mu ce iska ta isa. Yatsa ba ya gane bambancin da ke iya kayar da mutum a kwana. Da geji ake aunawa, da safe kafin a hau, domin tafiya tana ɗumama iskar ta ɗaga lamba, kuma wanda ya sace iska a wannan lokaci ya rage wa kansa abin da yake bukata. Lambar da ke jikin taya ita ce iyakar abin da za ta iya ɗauka, ba ita ce ta hawa ba. Ta hawa tana cikin littafi ko a kan 'yar takardar da aka liƙa kusa da sarƙa, kuma yawanci ana ƙara wa tayar baya idan za a ɗauki goyo ko kaya. Taya mai ƙarancin iska tana zafi, tana cinyewa ta gefe, kan babur ya yi nauyi. Wadda aka cika fiye da kima kuma tsakiyarta ce ke cinyewa, ga santsi idan an yi ruwa. Ni dai yanzu, kowane mako nake durƙusawa da gejina kafin in tayar da inji.

Naka,
Wani mai karatu