Akuyar Hajiya ta cinye mana Bagzan

Tawa, daren Laraba

Sarkin Barci,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, ya zafin Kwatanu? Wata bakwai ke nan ba wasiƙa ba waya, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. To na sauko. Tsaya ka ji abin da ya same mu.

Ka san autan Yaya yana shekarar ƙarshe a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, yana karatun tsirrai. An tura shi Abzin neman wata 'yar ciyawa, ni kuma ga hutun lakkwal ga kunya, na raka shi. Hanyar Abalak zuwa Agadas ba sai na ba ka labari ba, ƙuguna bai yafe mini ba har yau. Dutsen Bagzan kuwa da jakuna muka hau. Ƙololuwarsa mita 2022, duk Nijar babu wanda ya kai shi. Can sama Buzaye na noman dankalin turawa da tafarnuwa, da dare sanyi ya sa na tuna bargon da ka ara tun muna makaranta.

Da ka ga ciyawar sai ka yi dariya. Ba ta kai taƙi guda ba. Dangin aya ce da ayaya da kajiji. In ka murza karanta tsakanin yatsu sai ka ji kusurwa uku. Ba ta zama sai bakin ruwan da ke kwance cikin duwatsu, wanda Buzaye ke ce wa agalmam. Yaron ya ce ana tsintar ire-irenta a Ahaggar na Aljeriya da Tibesti na Cadi, ga kuma Abzin, alhali tsakaninsu rairayi ne na ɗaruruwan kilomita. Na ce to wa ya kai su? Ya ce, Baba, can hamada ta iske su. Shekara 5000 da ɗoriya da suka wuce Sahara kore shar take, shi ya sa aka sassaƙa raƙuman dawa a dutsen Dabus. Da ƙasa ta bushe, sai suka maƙale inda ruwa ya rage. Ni da nake mushe, wato malamin makaranta, shekara ashirin, sai ga ni ina gyaɗa kai gaban yaron da na yi wa wanka.

Kwana tara muna tonowa da saiwa, yana dannewa cikin jarida, kowace da takardarta: wuri, rana, tsawon dutse. Muka iso gida lafiya, ya shimfiɗa su ƙarƙashin rumfa su sha iska, muka tafi masallaci. Akuyar Hajiya, jar nan da ka sani, ta ci ciyawar, ta ci jaridar, ta haɗa da takardun. Uku kacal suka tsira. Yaro ya zauna yana hawaye, Hajiya kuwa cewa ta yi, in dai ayaya ce ga ta nan birjik bayan gida, a tsinko masa.

Af, mai shayin bakin tasha ya ƙara aure, ta uku, kuma har yanzu yana bin ka dala arba'in. Ya ce in gaishe ka da kyau.

Hotunan suna cikin wayarsa, sai dai malamai abin da hannu zai taɓa suke so. Komawa Bagzan jikkuna ne masu yawa, ni kuwa wata bai yi rabi ba aljihu ya yi. Jibi zai koma Yamai da ukun nan cikin akwatin ƙarfe, na sa masa kwaɗo da hannuna. Ka sa shi addu'a. Akuyar kuma Layya na tafe.

Ka gaida uwargida da yara.

Naka,
Mushe