Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024

Assalamu alaikum, iyayenmu ungozomomi da 'yan uwa ma'aikatan jinya. Tarukan wata-wata sun gudana yadda aka saba, in ban da na watan azumi da aka ɗage.

Aikin da ya fi armashi a bana shi ne taron ƙara wa juna sani da muka shirya a kan binciken Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, Kano. Mun zaɓi aikin nata ne domin ya taɓo abin da ya fi ɗaga mana hankali a ɗakin haihuwa, wato zubar jini bayan haihuwa, wanda shi ne kan gaba wajen salwantar da rayukan masu jego a duniya. Binciken E-MOTIVE, wanda ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya tare da masana daga Jami'ar Birmingham ta Ingila, ya shafi mata fiye da 210,000 a asibitocin Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma an buga sakamakonsa a mujallar New England Journal of Medicine a watan Mayun 2023.

Mai gabatarwa ta fayyace mana cewa matsalar tana farawa ne daga ƙiyasta jini da ido, domin ungozoma kan duba zane ko shimfiɗa ta ce jinin bai kai matakin haɗari ba, alhali ya riga ya wuce rabin lita, wanda shi ne iyakar da ake ɗauka a matsayin zubar jini. Sai masu binciken suka kawo leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mace da zarar ta haihu, jinin ya taru a ciki a karanta adadinsa. Da ya kai iyaka, sai a haɗa matakan ceto gaba ɗaya a lokaci guda: murza mahaifa, allurar oxytocin mai sa mahaifa ta tsuke, maganin tranexamic acid mai taimakawa wajen tsayar da jini, ƙarin ruwa, duba ko akwai yagewa, da kiran babban likita in abin ya ƙi tsayawa. A da ana gwada su ne ɗaya bayan ɗaya, ana jiran gani, jini kuwa yana ta tafiya. A asibitocin da suka bi sabon tsarin an gano zubar jinin a kashi 93 cikin ɗari na matan da ta same su, a sauran kuwa kashi 51 kacal, sannan mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60 cikin ɗari. Kafin 2023 ta ƙare, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan tsari cikin shawarwarinta, a 2024 kuma mujallar TIME ta lissafa Farfesa cikin mutum 100 mafiya tasiri a fannin lafiya.

Zauren ya cika har da masu tsayuwa, kuma abin da ya fi faranta mini rai shi ne yadda manyanmu da suka shafe shekaru suna karɓar haihuwa suka tashi suka gwada shimfiɗa ledar tare da ƙananan ma'aikata ba tare da girman kai ba. Muna godiya ga kwamitin shirye-shirye, waɗanda suka ciro kuɗin abinci daga aljihunsu.

Alkawarin da muka ɗauka a ranar na saya wa ƙananan asibitocin da mambobinmu ke aiki irin wannan leda bai cika ba, kuma ina so a fahimci dalili kafin a ɗora wa shugabanni laifi. Farashin kayan asibiti ya tashi tsakanin lokacin da muka yi ƙiyasi da lokacin da muka je saye, asusun kuma bai taɓa kaiwa abin da aka tsara ba, saboda fiye da rabin mambobi ba su biya kuɗin wata cikakke ba. Ni da ma'aji mun bi mutane ta waya, mun bi su har wuraren aikinsu, amsar dai ba ta wuce "sai an yi albashi". Kowa ya san halin da ake ciki, amma mu ma masu bin bashin aikin sa kai muke yi, bayan mun sauko daga aikin dare. Abin takaici kuma, waɗanda suka fi yawan tambayar ina leda a zauren WhatsApp su ne ba a ganin fuskarsu a taro.

Haka takardar bayanin matakan da Hausa, wadda za a liƙa a bangon ɗakunan haihuwa, an rubuta ta tuni, tana jiran likitan da zai duba ta da kuɗin bugawa.

Ana roƙon duk mai bashi ya kai wa ma'aji kafin taron watan Janairu, domin a nan ne za a yanke ko a ci gaba da batun ledar ko a ɗage shi zuwa wani lokaci.

Sakatariyar Ƙungiya