Amsa Ga Manomin Albasa Na Goronyo Kan Hasken Da Ke Fita Daga Abinci

Alhaji, bayan gaisuwa da fatan alheri.

A taron manoman rani da muka yi a Sakkwato ka miƙe ka tambaye ni ko gaskiya ne Turawa suna da na'urar auna hasken da ke fita daga abinci, har ta bambance albasar takin gargajiya da ta takin zamani. Lokaci ya ƙure kafin in amsa maka, shi ya sa na rubuto.

Hasken dai akwai shi, kuma da albasa aka soma maganar. A 1923 wani masanin Rasha, Alexander Gurwitsch, ya jera saiwoyin albasa biyu kusa da juna, ya ce ɗaya tana aika wa ɗayar hasken da ke sa ƙwayoyin halittarta ƙaruwa. An daɗe ana jayayya da shi, sai daga baya aka ƙera na'urori masu ƙirga ɗigon haske ɗaya-ɗaya a cikin akwati mai duhu ƙirin, suka tabbatar cewa abu mai rai yana fitar da ɗan hasken da ido ba ya gani. Wani masani Bajamushe, Fritz-Albert Popp, wanda ya rasu a 2018, shi ya yayata cewa ta haka ana gane ingancin abinci.

A nan ne nake da ja. Hasken yana fitowa ne daga aikin iskar oksijin a cikin ƙwayoyin halitta, saboda haka yana canzawa da iri, da nuna, da yawan ruwa, da kwanakin ajiya, har ƙujewa ma tana ƙara shi. Ka ɗauki albasar da aka cire jiya a fadama, wuyanta bai gama bushewa ba, ka haɗa ta da wadda ta yi wata uku a rudu, ɓawonta yana ƙara kamar takarda: na'ura tana iya nuna bambanci ko da taki ɗaya suka ci. To, da wace hujja za a jingina shi ga taki?

Gwajin da zan amince da shi sai an raba gona ɗaya biyu, an dasa iri ɗaya, an yi ban-ruwa ɗaya, an cire rana ɗaya, kuma mai aunawa bai san wacce ce wacce ba. Ko a hakan, hasken ba zai faɗa maka ragowar maganin ƙwari ba. Wannan aikin ɗakin gwaji ne.

Ka ci gaba da zuba kashin shanu, Alhaji, domin yana riƙe danshi a ƙasarmu. Idan kuwa dillali ya zo maka da zancen haske, ka fara tambayarsa ranar da aka cire albasar.

Naka,
Malamin aikin gona, Sakkwato