Amsa ga Malamar da Ta Tambaye Ni Dalilin Tilasta wa Malamai Komawa Horo

Assalamu alaikum, Malama.

A taron ranar malamai, bayan na gama jawabi, kin miƙe a gaban jama'a kin yi mini tambaya, lokaci kuma ya ƙure kafin in ba ki amsar da ta dace. Kin ce shekararki goma sha takwas kina riƙe da alli, cikin yaran da kika koyar har akwai waɗanda suka zama malamai, amma ga shi doka ta ce sai kin ci gaba da zuwa horo, kina tara takardun shaida, kafin a sabunta miki lasisi. Kika tambaye ni ko wannan ba raina ƙwarewarki ba ne, kuma ni da nake goyon bayan dokar, me na gani a cikinta. Irin tafin da aka yi miki ya nuna mini ba ke kaɗai ke da wannan ƙorafi ba. Tunda a fili kika tambaya, gara in amsa a fili.

Ina goyon bayan dokar har gobe. Amma ban ga laifinki ba ko kaɗan, domin na san irin horon da ya sa ranki ya ɓaci. Na zauna a cikinsa, kuma lokacin da nake shugabancin makaranta na sha tura malamaina zuwa irinsa.

Akwai wata bita ta kwana uku da ba na mantawa. An tara mu mun fi ɗari biyu a zaure ɗaya, malaman lissafi da na harshe da na kimiyya duk a haɗe. Mai gabatarwa ya yi ta karanto mana abin da ke rubuce a majigi tun daga safe har la'asar, wai yana koya mana yadda za mu daina yi wa yara lacca mu riƙa barinsu suna aiki da hannunsu. Wanda ke zaune kusa da ni ya shigo da littattafan ɗalibansa yana maki a kan cinya. Takardar sa hannu ita ce abin da kowa ya fi mayar da hankali a kai, ana miƙa ta layi-layi, wasu har suna sa wa abokansu da ba su zo ba. Ranar ƙarshe aka raba satifiket. Litinin na zagayowa na bi ajujuwan malamaina huɗu da suka je, babu ko ɗaya da ya canza komai, kuma ban zarge su ba, don ba a ba su abin da za su canza da shi ba. In wannan ne abin da ke ranki idan an ce horo, to ƙorafinki yana kan hanya.

Sai dai ina so ki dubi dalilin da ya sa aka kai maganar ga doka tun farko. Aikin malamin gwamnati amana ce da babu zaɓi a cikinta. Doka ce ta ce wa iyaye su kawo 'ya'yansu makaranta, kuma yaron talaka ba shi da ikon cewa wannan malamin bai yi masa ba, a sauya masa wani. Ajin da aka sa shi nan zai zauna shekara guda. Tunda hukuma ta tilasta wa yaro zama a gaban malami, wajibi ne ta tabbatar wanda ke tsaye a gabansa bai tsaya cak a inda kwaleji ta ajiye shi ba. Likita da matuƙin jirgin sama duk ana sabunta musu izinin aiki, ba wanda ya ce an raina su. Ni a ganina sa malami a sahunsu ɗaukaka ce. A Najeriya ma dokar 1993 da ta kafa hukumar rajistar malamai, TRCN, manufarta ke nan, koyarwa ta zama sana'a mai rajista da lasisi kamar sauran, maimakon wurin da kowa ke fakewa kafin ya sami wani aikin.

Ki tuna abin da aka koya miki a kwaleji shekara ashirin da suka wuce, ki auna shi da ajinki na yau. An sake manhaja. Waya ta shigo hannun yara, da alherinta da sharrinta. Yaron da a da ake ce masa daƙiƙi ana tura shi bayan aji, yanzu an san wani ba ya ganin allo ne, wani kunnensa ne, wani kuma haruffa ne ke rikice masa alhali ƙwaƙwalwarsa lafiya lau. Shekaru a aji suna koya wa mutum abubuwa masu yawa, babu shakka, amma akwai abin da ba sa koyarwa, kuma kuskuren da aka maimaita shekara goma sha takwas sai ya ƙara kafuwa kawai. Ni kaina na shekara tara ina koyar da ɗebewa mai aro ta hanyar da rabin ajina ba sa ganewa. Ina cewa "ka aro ɗaya" su kuma suna ɗauka ɗaya ce tak, ba su san goma ce ba. Wata malama da ta girme ni ta zauna a bayan ajina na minti arba'in, bayan an tashi ta ɗaure tsinken ashana goma-goma da roba, ta ce gobe in sa yaro ya kwance ƙulli ɗaya da hannunsa kafin ya ɗebe. Washegari na ga wata yarinya ta kwance ƙullin, ta ƙirga, ta ɗago kai ta ce, "Malam, ashe goma ake arowa!" Duk bitar da na je a rayuwata babu wadda ta amfane ni kamar wannan minti arba'in ɗin, kuma babu satifiket a ciki.

A nan ne nake da ja da yawancin dokokin. Abin da suka iya ƙirgawa shi suke nema, wato awoyi da maki. A jihar Pennsylvania ta Amurka, dokar 1999 da ake kira Act 48 ta ce malami ya cika awa 180 cikin kowace shekara biyar, in bai cika ba takardarsa ta daina aiki. A Afirka ta Kudu majalisar malamai, SACE, maki 150 take nema cikin shekara uku. A Sikotilan ta Birtaniya awa 35 ce a shekara tun yarjejeniyar albashi da aikin malamai ta 2001, kuma daga 2014 ana tabbatar wa hukumar malamai duk shekara biyar cewa mutum yana cikawa. Na fahimci dalili, awa tana da sauƙin rubutawa a fom, kuma mai bincike zai iya dubawa ya ce an cika ko ba a cika ba. Amma awa tana nuna cewa mutum ya zauna a kujera ne kawai. Wani nazari da aka yi wa ma'aikatar ilimin Amurka a 2007 ya duba bincike sama da 1,300 a kan horon malamai, tara kacal ya samu masu ingancin da za a dogara da su, kuma a cikin taran, gajerun horon da ba su wuce awa 14 ba ba su nuna wani tasiri a sakamakon ɗalibai ba. Waɗanda suka ɗauki lokaci mai tsawo su ne suka nuna. Shi ya sa dokar ilimi ta Amurka ta 2015, ESSA, da ta zo bayyana abin da ake nufi da horon malamai, ta ce dole ya zama mai ɗorewa, mai alaƙa da aikin aji, ta kuma fitar da bitar yini ɗaya daga ciki.

Abu na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai, shi ne wa zai biya, kuma a wane lokaci za a yi. Tun ranar 5 ga Oktoba 1966, a birnin Faris, hukumar UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da shawarwari kan matsayin malamai, ranar da muke tunawa duk shekara a irin taron da muka haɗu. A ciki an ce horon da ake yi a bakin aiki ya zama kyauta ga kowane malami, kuma a tsara shi da shawarar ƙungiyoyin malamai. Shekara kusan sittin ke nan, amma har yanzu akwai gwamnatocin da ke rubuta wajibi a kan malami su bar masa kuɗin. A Kenya, da hukumar malamai ta ƙaddamar da nata tsarin a 2021, malami ne zai riƙa biyan shilin 6,000 a shekara daga aljihunsa, maganar ta kai har kotu. Japan ta gwada tun 2009, awa 30 duk shekara goma, malami ya biya da kansa, ya nemi lokaci da kansa. Malamai suka yi ta kuka da nauyin, lasisin wasu ya mutu a lokacin da makarantu ke neman masu koyarwa ido rufe, a 2022 gwamnati ta soke tsarin sabuntawar gaba ɗaya. Ba horon suka daina ba, malaman Japan sun daɗe da al'adar shirya darasi tare, ɗaya ya koyar sauran suna kallo, sannan su zauna su warware shi. Wannan ya ci gaba. Abin da ya faɗi shi ne wanda aka ɗora wa malami shi kaɗai.

Ki kwatanta da Ingila. Tun 1988, zamanin ministan ilimi Kenneth Baker, malamin gwamnati kwana 195 yake aiki a shekara, 190 da yara, biyar kuma yara suna gida malamai suna makaranta suna horo. Malamai da yawa ba su so ba a lokacin, kuma ba kowace rana cikin biyar ɗin ke da amfani ba, amma an ware ta cikin kwanakin aiki, da albashi, ba a ce mutum ya sayar da Asabar ɗinsa ba. A Sikotilan ma awa 35 ɗin tare da ƙarin albashi ta zo. Wannan shi ne adalci. Dokar da ta ce wa malami "dole ka je" ya kamata a sashe na gaba ta ce wa ma'aikatar ilimi "dole ki biya, dole ki ware lokaci, dole ki sami wanda zai riƙe ajin." In ma'aikata ta kasa cika nata, to bai halatta a taɓa lasisin malami ko a tsayar da ƙarin girmansa ba. Malamar da ke koyarwa a makarantar da ke nesa, wadda takardar gayyata ba ta taɓa isa gare ta ba, da wace fuska za a ce mata makinta bai cika ba?

Akwai kuma waɗanda ba a cika tunawa da su ba, ni da ke ma ba mu ambace su a taron ba. Makaranta ba malamai kaɗai ba ce. Maigadi ne ke fara ganin wanda ke yawan tsayuwa a bakin ƙofa lokacin tashi. Mai shara ce ke tarar da yarinyar da ke ɓuya a banɗaki tana kuka. Wata rana a makarantarmu wani yaro ɗan aji huɗu ya faɗi a filin wasa yana shure-shure, farfaɗiya ta kama shi. Kafin in iso, manya uku sun danne shi, ɗaya yana ƙoƙarin tura masa cokali a baki. Duk masu son yaron ne, amma abin da suke yi zai iya karya masa haƙori ko ya shaƙe shi. Wanda ya hana su shi ne direban makaranta, da ya taɓa samun horon taimakon gaggawa a wani wurin aiki. Ya ce a sake shi, ya kawar da duwatsun da ke kusa, ya sa rigarsa a ƙarƙashin kan yaron, yana duba agogo, da jijjigar ta lafa ya juya shi ta gefe. A ranar na ji kunya, domin ni ne shugaba, kuma ban taɓa tunanin wannan ilimin haƙƙi ne a kaina in samar wa ma'aikatana ba. A Ingila ƙa'idar kare yara ta wajabta wa duk ma'aikacin makaranta, ba malami kaɗai ba, ya sami horo lokacin da ya kama aiki, a kuma riƙa sabunta masa aƙalla sau ɗaya a shekara. Irin wannan ba na son a bar shi ga ganin damar shugaban makaranta, don na ga abin da ganin damata ta bari.

To, Malama, ga abin da nake roƙonki. Kada ki nemi a soke dokar, domin ranar da aka soke ta, abu na farko da za a yanke daga kasafi shi ne kuɗin horon, kuma sabbin malaman da ba su da shekarunki su ne za su rasa. Ki nemi a gyara ta. Ki kai maganar ƙungiyarku, ku nemi a rubuta cewa zaman da malami ya yi a ajin abokin aikinsa, da shirya darasi tare, da jan sabon malami a jiki, duk suna cikin abin da ake ƙirgawa. Ku nemi a daina haɗa mai shekara ɗaya da mai shekara goma sha takwas a bita ɗaya ana karanta musu abu ɗaya. Ku nemi duk mai ba da horo a bi sawunsa zuwa aji bayan wata uku a ga ko wani abu ya canza, in bai canza ba a daina ba shi kwangila. Mai irin shekarunki kuwa, a tsarin da nake fata, rabin awoyinta za ta cika su ne tana koya wa wasu.

Ba sai kin jira majalisa ba kafin ki fara wannan na ƙarshen. Na tabbata a makarantarku akwai wata sabuwar malama da ke fama da aji ita kaɗai, tana jin nauyin tambaya. Ki shiga ajinta wannan makon ki zauna a baya, mako mai zuwa kuma ki ce ta zo naki ta zauna, ta faɗa miki abin da ta gani. Ku rubuta ranar da abin da kuka tattauna, shugabanku ya sa hannu, ku ajiye a fayil. In Allah Ya kai mu taron baɗi, ki zo mini da fayil ɗin, zan shiga gaba mu kai shi ga masu sabunta lasisi mu ce su ƙirga.

Ki gaishe mini da abokan aikinki. Allah Ya yi wa aikinki albarka.

Wassalam,
Babanki a sana'a, tsohon shugaban makaranta.