Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 Daga Sakataren Ƙungiya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan kwamiti da sauran membobi na gida da mazauna birni, ga rahoton abin da muka yi da abin da ya gagara daga Janairu zuwa Disamba 2024. Lissafin kuɗi dalla-dalla yana wajen Ma'aji, zai karanta nasa bayan nawa, saboda haka mai tambayar kuɗi ya riƙe ta sai ya miƙe.

An yi tarukan wata-wata yadda aka saba, ban da na Agusta da dokar hana fita ta cinye. Gaisuwar mutuwa, barka da dubiya duk an je.

A babban taron bara ne kuka yanke cewa aikin bana shi ne hawan jini da ƙiba, kuma kun san dalili. Mun binne magidanta da ba su tsufa ba, wani a gona ya yanke jiki ya faɗi, wani da asuba aka tashe shi bai tashi ba. Akwai waɗanda har yanzu suna kwance ɓarin jiki ya shanye, 'ya'ya na juya su, gari kuma na cewa jifa ne ko iska ce ta buge su. Aka ɗora wa kwamiti ayyuka huɗu: ranar awo ta gari duka, asusun magani, rumfar awo ranar kasuwa, da koya wa matasa awo. Na farko ya yi kyau fiye da yadda muka zata. Sauran ukun kuwa akwai magana.

Ranar awo

Mun zaɓi 17 ga Mayu domin ita ce Ranar Hawan Jini ta Duniya, sai Allah ya sa ta faɗo Juma'a, ga shi damina ba ta kankama ba, manoma suna gida. Malam Liman ya yi mana rabin aikin. Tun Juma'ar da ta gabata ya sa maganar a huɗuba, ya ce neman magani ba ya kore tawakkali, ya kuma roƙi magidanta su bar iyalinsu su fito. Mai Gari ya sa sankira ya zaga unguwanni, ya ba mu zaurensa domin maza. Mata kuwa makarantar Islamiyya aka ware musu tun da hantsi, ma'aikatan lafiya mata zalla suka duba su. Wannan shawarar Uwar Ƙungiya ce, kuma ita ta sa layin mata ya fi na maza tsawo.

Ana idar da sallah maza suka yo ca. Jami'in lafiyar da ya jagoranci aikin ɗan garin nan ne, kyauta ya zo, amma bai ɗaga wa kowa ƙafa ba. Duk wanda ya zo yana huci sai ya zauna a inuwa minti biyar, ya jingina baya, ƙafa a ƙasa, baki a rufe, sannan a naɗe masa hannun riga. Mai goro a kumatu, ko wanda ya sha shayi ko taba, sai ya jira rabin awa. Dattawa sun yi ta guna-guni, wani ma ya ce tun da yake bai taɓa jin an kafa wa goro doka a zauren Mai Gari ba, amma kowa ya tofar. Sau biyu ake auna mutum. Wanda nasa ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, sai a ba shi takarda ya koma asibitin garinmu wata rana a sake, domin awon rana ɗaya ba ya yanke hukunci. Waɗanda nasu ya haura 180 bisa 110 ba a bar su sun kwana ba, a motar Mataimakin Shugaba aka kai su babban asibiti a yammacin. A cikinsu akwai wani baba da ya zo a kan kekensa, yana ta rantsuwa ko ciwon kai ba ya yi. Yau yana shan maganinsa, ya yi nomansa ya girbe.

Abin da ya girgiza mutane shi ne su wa aka samu da ciwon. A nan an ɗauka hawan jini na Alhazan birni ne masu teɓa, ko na wanda tunani ya yi wa yawa. Sai ga manoma sirara, waɗanda ke wuni da garma, awonsu a sama. Jami'in ya yi bayani cewa ƙiba tana ƙara haɗarin sosai, amma shekaru da gado da gishiri ba ruwansu da ramarka. Ya kawo rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023, wanda ya ce cikin manya uku a duniya ɗaya yana da hawan jini, kusan rabinsu ba su ma sani ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta dace. Yawancin waɗanda muka rubuta sunansu a ranar, wannan ne karon farko da aka taɓa ɗaura musu abin awo a hannu.

Wajen sikeli aka fi dariya. An zana ma'aunin tsayi a bangon zaure, ana haɗa nauyi da tsayi a fitar da lissafi. Misalin da aka yi ta maimaitawa shi ne mai tsayin mita 1.7: in ya haura kilo 72 ya fara wuce ƙima, in ya kai 87 ya shiga ƙiba sosai. Amma dabarar igiya ce ta zauna a kan mutane. A yanki igiya daidai tsayinka, a ninka ta biyu, a zagaya cikinka da ita. In bakin biyu ba su haɗu ba, tumbin ya yi yawa. Har yau yara na bin iyayensu da igiya, wasu 'yan kwamitin ma sun san yadda ta kaya da su, ba sai na faɗa ba.

A ɓangaren mata an yi maganar da ta fi ta maza nauyi. Malamar asibiti ta zuba gishiri a ƙaramin cokalin shayi, bai ma cika ba, ta ce wannan, ƙasa da giram 5, shi ne iyakar babban mutum a wuni guda, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙule da kanwa. Aka yi shiru. Sannan aka dafa miyar kuka a gabansu da daddawa da tafarnuwa da citta, aka rage dunƙule zuwa rabi, aka ci aka suɗe kwano. Ta kuma taɓo sha-ka-fashe da ake ɗura wa 'yan mata kafin biki. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan, irin su dexamethasone, kumbura jiki suke yi, su tayar da jini da suga, amarya ta shiga ɗaki da ciwon da za ta daɗe tana jinya. Masu ciki kuma an ja musu kunne a kan zuwa awo saboda jijjiga. Ni a ganina rayuwarmu ce ta sauya ba mu lura ba. Inda dā ake takawa yanzu babur ne, daka ya koma injin niƙa, ga lemon kwalba da shayi mai kaurin suga a kowane lungu. Ba cewa nake a mayar da mata bakin turmi ba, kada a fita da maganata.

Muna godiya ga ma'aikatan lafiya, da matasan da suka ɗauko benci da tabarmi suka mayar, da matan da suka yi girki da itacensu.

Asusun magani

Na ji ana cewa kwamiti ya tara mutane ya tsorata su ya watse. Ga yadda abin yake. Maganin hawan jini kamar ban-ruwan lambu ne, ranar da ka daina ranar shuka za ta fara yaushi. Shi ya sa muka tsara asusu, mu riƙa sayen irin su amlodipine a sari bisa takardar likita, a ba marasa ƙarfi a kan farashin da aka sayo, gajiyayyu kuma kyauta. An yi kasafin a kan kuɗin wata, Naira 500 kowane mamba. Waɗanda suka biya shekarar cif ba su kai rabi ba. A gefe guda, tun cire tallafin mai a Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira, kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabi, litar fetur kuma ta haura Naira dubu kafin ƙarshen bana. Ke nan kuɗin watan namu bai kai rabin lita ba, amma shi ne sai an bi mutum gida.

Asusun ya yi aiki har cikin damina, sannan ya ƙafe. Abin da ya biyo baya ba daɗin faɗa. Da muka zaga bayan girbi, mun tarar wasu sun daina sha saboda babu kuɗi, wasu saboda sun ji sauƙi, wasu sun koma zoɓo da tafarnuwa kaɗai. Zoɓo marar suga ba laifi ba ne, amma ba ya maye gurbin ƙwaya. Wasu kuma kullum suna haɗiyar diclofenac saboda ciwon jikin noma, alhali shi ma yana tayar da jini yana taɓa ƙoda. Wata baiwar Allah da muka rubuta sunanta a Mayu yanzu tana kwance, hannu da ƙafa sun shanye. Kuɗin maganinta na wata guda bai kai abin da wasunmu ke sa wa waya kati a mako ba.

Rumfar kasuwa tana nan yadda kuka gan ta, ginshiƙai a tsaye babu rufi. Kafinta bai gudu da kuɗin kowa ba, kuma ba ya cikin dangin kowa a kwamiti. An biya shi na katako ya kafa, kuɗin kwano ne babu. Na'urorin awo biyu da muke da su suna ofis lafiya lau, sai dai ɗamararsu ƙarama ce, in aka matsa ta a damtsen mai jiki sai awon ya fito sama da gaskiya. Mun nemi a sayi babba tun Yuni, har yau shiru. Matasan da aka koya wa awo kuma yawancinsu sun tafi cirani da kaka ta wuce, ba kuma za mu ga laifinsu ba tunda ko kuɗin sabulu ba mu ba su. Biyu suka rage.

Yanzu ga 'yan'uwanmu da ba ma gani. Akwai masu zuwa ranar ɗaukar hoto kawai. Akwai waɗanda a zauren WhatsApp ba a fi su shawara ba, kullum "ya kamata a yi kaza", amma in Ma'aji ya sa sunayen masu bashi sai wayarsu ta lalace. Mazauna birni, da ku nake musamman. Iyayenku ne a layin nan. Ranar da aka ɗauko tsoho ranga-ranga, a ƙofarku za a sauke shi, kuma kuɗin gado da gwaje-gwaje da wankin ƙoda ba za a haɗa su da Naira 500 ba. Akwai wanda da na je karɓar kuɗi ya sa yaro ya ce ba ya nan, ga takalminsa a ƙofar zaure. Ni ma ina da gona da iyali, aikin nan ba albashi ake ba ni ba.

Shekara mai zuwa kwamiti ba ya kawo sabon aiki. Shawararmu ita ce a yi wa rumfa rufi, a sayi babbar ɗamara, a farfaɗo da asusu, a kuma raba sunayen masu hawan jini unguwa-unguwa, kowane mamba ya riƙe gida biyu yana leƙawa ko ana shan magani. Azumi na tafe a farkon Maris, muna so jami'in lafiya ya zauna da masu shan magani kafin a ga wata, ya tsara musu lokacin sha tsakanin buɗa-baki da sahur, kada kowa ya yanke wa kansa. Muna kuma neman taro ya amince a aiwatar da dokar da kuka rubuta da hannunku: wanda ya yi wata shida bai biya ba, babu uzuri, ba shi da ƙuri'a ba shi da tallafin zumunci har sai ya biya.

Ma'aji yana bakin ƙofa da littafi da rasit. Wanda ake bi bashi ya biya ta wajensa kafin ya fita, ko da rabi ne.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya