Yaron da ba a kira sunansa ba

Ya Edita,

Ranar rabon kyaututtuka a makarantar ɗiyata a Agege, na ɗaya zuwa na uku kawai aka kira a kowane aji. Akwai yaro a ajinsu da ke taya mahaifinsa sauke kwandunan tumatir a kasuwar Mile 12 tun asuba, ya biyo danfo cikin cunkoso, amma da wuya ya makara. Ya taɓa tsintar kuɗin malama ya mayar. Haka ya koma gida hannu rabbana, kuma abin ya tsaya min a rai.

Ina roƙon shugabannin makarantu su ware kyautar amana, ladabi da jajircewa, ko littafin rubutu ne da sabulu, a kira yaro gaban iyayensa.

Wata uwa,
Agege, Legas